Allura Uku a Fayil ɗin Auta

2 ga Agusta

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa daga kawunki da kika manta da shi. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ni da sauƙi, ban da gwiwa da kunne. Kunnen dai ya riga ya tafi, shekara talatin a gaban janareta ba wasa ba ne, shi ya sa kika ga takarda ba kira ba. In aka kira ni a waya sai in yi ta cewa "to, to" har mai kiran ya gaji. Direban da ya kawo miki wannan mutumin kirki ne, yana bin hanyarku sau biyu a mako, ki riƙa ba shi amsa.

Rabona da ke tun rasuwar mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Na san dangantakar ta yi nisa, kakata da kakarta ne suka haɗa uwa, amma yau ke na tuna.

'Yata Auta ce ba lafiya. Mako biyar ke nan da aka yi mata tiyata ta haihu, an samu mace. An yi mata allurar nan ta baya da ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa. Kwana biyu bayan nan ciwon kai ya kama ta. In tana kwance lafiyarta lau, har hira take yi. Da ta tashi zaune, kafin ki ƙirga ashirin ta riƙe ƙeya, amai ya taso. A kwance take cin abinci, a kwance take shayarwa. Mijinta yana can wurin aikin haƙar rijiyoyi, sai ƙarshen wata yake leƙowa, don haka na dawo da ita gidana.

Sau uku muna komawa wurin likitan da ya yi allurar. Ya ce gajiya ce, ta sha kofi. A zuwa na uku ya ce wasu matan son kwanciya ne da su. Allah ya taimake shi ban ji ba, sai a mota Auta ta faɗa min, tana kwance a kujerar baya tana kuka.

Wata nas ta ja ni gefe ta rubuta min a bayan takardar magani cewa akwai wani aiki da ake yi, a ɗebi jinin mutum a zuba masa a baya ya toshe wurin. Kamfanin inshora ya ƙi, wai lambar da ke kan takardar Auta ta ciwon kai ce kawai.

Makarantar da take koyar da lissafi za ta buɗe 11 ga Satumba. Shugabar ta ce in ba ta tsaya gaban allo ranar ba, za su ɗauki wani, don takardar gajiya ba ta ba da hutu. Shekara shida Auta ta yi tana neman aikin nan.

An ce min saka lambobin nan shi ne aikinki. Ki faɗa min wace lamba ce ta kwantar min da 'ya, kuma ki nuna min ta inda ake kama wuyan mutumin nan.

Kawunki

6 ga Agusta

Kawu,

Na amsa gaisuwa, kuma na karɓi faɗa. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ka. Barka da samun jika, sannu da jinya.

Bari in yi maka bayani da harshenku na kanikawa. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin ruwa, ruwan kuma ya gangara har cikin gadon baya a cikin wata jaka. In allura ta bar huda a jakar, sai ya riƙa yoyo. Ruwa ya ragu, in mutum ya miƙe ƙwaƙwalwar ta zauna ƙasa ta ja jijiyoyi. Shi ya sa Auta ke samun sauƙi a kwance. Aikin da nas ta faɗa maka faci ne, ba bambanci da na taya, sai dai da jininta ake yi.

Kamfanin da nake wa aiki shi ke saka wa asibitoci da yawa lambobi, har da wanda ta haihu. Kowace cuta da lambarta, kuma lambar inshora ke karantawa, ba fuskar mara lafiya ba. Raguwar ruwan nan lamba biyu gare shi. Akwai ta wanda ya zo da kansa, akwai ta wanda allura ta jawo. Ta biyun takan hau kan sunan likitan da ya riƙe allurar, ta zauna a tarihin aikinsa. Likitanku bai rubuta ko ɗaya ba. Ni kuma dokar aikina ta hana ni saka abin da likita bai rubuta da hannunsa ba, ko da ina kallonsa da idona.

Na buɗe fayil ɗin Auta, na ga sa hannun, sai da na tashi na sha ruwa. Kawu, na san shi. A asibitin nan na fara aiki. Sau-Ɗaya muke ce masa, don yana alfahari bai taɓa soka allura sau biyu ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na tambaye shi kan fayil ɗin wata mata mai irin ciwon nan. Ya tara ma'aikata ya ce mai buga lamba ce za ta koya masa aiki. Kafin wata ya ƙare an sallame ni, ina da ciki wata bakwai.

Ga abin da zai faranta maka rai. A bayaninsa ya rubuta allura ta shiga karo ɗaya. Amma mai ajiyar kayan tiyata ba ya yafe ko auduga, komai aka buɗe sai ya rubuta. A takardar kayan Auta allura uku ce, kuma masu kaurin nan na zamanin da.

Ka ba ni kwanaki kaɗan.

'Yarka

12 ga Agusta

'Yata,

Lafiya lau muke, jaririya tana ta ƙiba, uwar tana nan yadda kika sani. Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Uku! Na shekara ina gyaran inji ban taɓa huda tanki in ce wa mai shi gajiya ce ta sa mai ke zuba ba.

Na karanta wa Auta wurin allurar. Ta ce ai ta ji, ta ƙirga, tana lanƙwashe kamar tsohuwar waya yana ta nema, amma da ta faɗa masa daga baya sai ya ce maganin ne ya ruɗa ta. Ya huda ta, ya kwantar da ita, sannan ya mai da ita maƙaryaciya.

Ban san an yi miki abin da aka yi miki ba. Mahaifiyarki ba ta taɓa faɗa ba, ita dama ciki gare ta kamar rijiya. To yanzu mu biyu ne a kansa. Ba na son haƙurinsa, ba na son ya zo gaisuwa. So nake a karɓe allurar daga hannunsa a gaban mutanen da ya tara miki. So nake ya zauna a gida matarsa ta riƙa tambayarsa yau ma ba fita. Jiya na wuce ta gaban asibitin na ga motarsa a inuwa, na daɗe ina kallon tayoyin, sai na tuna ke kina da makamin da ya fi ƙusa.

Shugabar makaranta ta aiko a gaishe da Auta, ta kuma tuna mana ranar. Saura kwana talatin.

Kawunki

19 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Ka bar tayoyin mutane, don Allah.

Mai saka lamba ba ta da ikon gyara rubutun likita, amma tana da ikon tambayarsa a rubuce. Takardar tambaya muke ce mata. In ta shiga fayil ba ta fita, kuma dole ya amsa da hannunsa cikin kwana ashirin da ɗaya, in ba haka ba ta wuce ofishin masu binciken asibiti. An hana mu saka wa likita magana a baki, don haka ban zarge shi da komai ba. Na rubuta masa cewa nas ta lura ciwon yana tafiya a kwance yana dawowa a tsaye, takardar kaya ta nuna allura uku, ko likita zai bayyana sunan ciwon da dalilinsa. Layi huɗu ne. Kwana biyu na yi ina goge su ina sake rubutawa, kuma ban taɓa jin daɗin rubutu irin wannan ba.

Na kuma bi fayilolinsa na shekara uku a lokacin hutun cin abinci. Mata ashirin da shida sun dawo da ciwon kai bayan allurarsa. Dukansu gajiya, ko damuwa, ko rashin barci. Ko ɗaya ba ta samu lambar gaskiya ba. Ana shirin ba shi shugabancin sashe saboda tsabtar tarihinsa.

Jiya na aika. Wa'adinsa 8 ga Satumba. Da ya rubuta gaskiya, asibiti ne zai yi wa Auta facin da kansa, ba ruwan inshora.

'Yarka

27 ga Agusta

'Yata,

Muna nan dai. Ki karanta wannan da sauri.

Ya zo gidana. Jiya da la'asar, shi kaɗai, ba farar riga. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni, mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dube ni ba. Da ya ga ba na ji sai ya ciro biro muka yi magana a rubuce. Ya ce zai yi wa Auta facin a asibitin wani abokinsa, kyauta, duk ranar da muka zaɓa kafin 7 ga wata. Ya ce kwana biyu ta kwanta, na uku ta tashi. Sharaɗinsa ɗaya, ba kati, ba fayil, ba rasit. Da zai tafi ya yage takardun da muka yi rubutu ya zuba a aljihu.

Na so in tofa masa yawu. Amma ya shiga ya duba ta, na ga yadda idonta ya bi shi har ƙofa. Da ya fita ta ce, "Baba, ni dai ina so in ɗauki 'yata a kafaɗa." Wata biyu ke nan ba ta taɓa tsayawa da yarinyar a hannu ba.

Na ce mata ta dakata in ji daga gare ki. Ni ban san aikin nan ba. Ban sani ba ko tarko ne, ko akwai haɗari a yi shi a ɓoye, ko in ya lalata ta can ba mu da shaida. Zuciyata ta yi sanyi, ba na ɓoye miki. In kin ce mu karɓa, gobe za mu karɓa, ya je ya ci shugabancinsa. Ba zan motsa ba sai na ga rubutunki.

Kawunki

3 ga Satumba

'Yata,

Lafiya kuwa? Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na sa maƙwabciyata ta kira ki sau huɗu ba a ɗauka ba. Ko yaran ne ba lafiya? Ko an gano wani abu a ofis an matsa miki?

Mijin Auta ya zo ya koma, mun rabu ba daɗi. Ya ce a yi aikin, na ce a jira mai ilmin abin. Auta ta daina yi min magana sai gaisuwa. Likitan ya aiko sau ɗaya yana tambaya.

Ko kalma ɗaya ce ki rubuto. Saura kwana huɗu.

Kawunki

10 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa, kowa lafiya a nan. Albishirinka.

Ya amsa. Ranar ƙarshe, saura minti arba'in a tashi daga aiki, amsar ta faɗo cikin kwamfutata. Ya rubuta raguwar ruwan ƙwaƙwalwa sakamakon hudar allura, an gwada sau uku. Da hannunsa, Kawu. Na cire tsohuwar lamba na saka ta gaskiya. Lambar tana shiga ta kira masu bincike da kanta, ni kuma na miƙa musu jerin matan nan ashirin da shida. Tun jiya aka dakatar da shi daga ɗakin tiyata. Wata tsohuwar abokiyar aikina ta ce a gaban nas-nas aka karɓi katin aikinsa, ya rasa hanyar fita har ya buɗe ƙofar ɗakin ajiya. Maganar shugabanci ta mutu.

Asibiti zai yi wa Auta facin 25 ga wata, wani likita zai zo daga waje. Za a ba ta takarda mai sunan ciwon gaskiya, ka kai wa makaranta.

Wasiƙunka biyu ba su iso hannuna da wuri ba, aiki ya yi mana yawa. Allah ya sa ba ku karɓi tayinsa ba.

'Yarka

16 ga Satumba

Na samu taki. Lafiyarmu ba ta canza ba.

Na kai takardar makaranta ranar 12. Shugabar ta karanta, ta ce kash, ta ce da ma takardar ta zo da wuri. Sun ɗauki wani tun ranar buɗewa, ya sa hannu na shekara biyu. Na hango shi ta taga yana rubutu a allon Auta. An haɗa min littattafanta da kofinta a kwali na ɗauko.

Na tambayi direba. Ban tambaye shi don zargi ba, na so in yi masa faɗa ne kan jinkiri. Ya ce wasiƙar 27 ga wata a hannunki ya saka ta washegari da safe a bakin ofishinku. Ya ce a gabansa kika buɗe, kika karanta har ƙarshe, kika ninke, kika ce masa babu amsa yau. Ta biyun ma haka. Mutumin nan shekara ashirin na san shi, ko canjin mota bai taɓa ci min ba.

Na koma na karanta layinki na ƙarshe, inda kika ce Allah ya sa ba mu karɓa ba. Da farko na ɗauka tsoron lafiyar Auta ne ya sa kika faɗa. Yanzu ina so ki faɗa min tsoron me ne.

Kawunki

20 ga Satumba

Kawu,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Direba bai yi ƙarya ba, ni na yi. Na karanta ranar 28. Na san amsar tun kafin in ninke takardar. Facin ba tarko ba ne, kuma duk lalacewarsa ya iya shi. Da kun karɓa, da wuya a ce Auta ba ta tsaya gaban allo ranar 11 ba.

Amma da ta warke a ɓoye, da ya amsa tambayata da layi ɗaya, ya ce gajiya ce kuma ga shi ta wuce. Ba ciwo, ba lamba, ba bincike. Abin da ya tilasta masa rubuta gaskiya shi ne Auta tana nan kwance, kowane likita zai iya zuwa ya gani. Na kasa ce maka ka ƙi, don na san zalunci ne. Na kasa ce maka ka karɓa, don shekara goma sha ɗaya nake jiran mutumin nan. Sai na yi shiru, na bar ka ka ƙi da kanka. Wayar maƙwabciyarka tana ƙara ina kallonta.

Ina iya ce maka don matan nan ashirin da shida na yi, da waɗanda za su zo bayansu. Akwai gaskiya a ciki, an fara kiransu ɗaya bayan ɗaya. Amma ranar da nake ninke wasiƙarka ba su nake tunawa ba. Fuskarsa nake tunawa.

In kana so ka rama, hanya a buɗe take. An hana mu taɓa fayil ɗin ɗan'uwa, na kusa ko na nesa, kuma na sa hannu a kan haka. Ba wanda ya san alaƙarmu a ofis. In shugabana ya sani, ranar zan bar kujerar, kuma ba kamfanin da zai sake ɗaukata. Lauyan likitan ma zai samu abin riƙewa, wataƙila har ya dawo da shi. Na faɗa maka ne don kada ka ce na sake ɓoye maka wani abu.

Ka roƙar min Auta gafara, ni ba ni da fuskar roƙa.

'Yarka

2 ga Oktoba

Zuwa ga mai saka lamba,

Kin tambayi lafiya a wasiƙun baya, to ga labari. An yi facin ranar 25. Minti ashirin aka yi. Ranar 27 da hantsi Auta ta tashi zaune, muka jira, ba abin da ya faru. Ta sauko da ƙafa, ta miƙe, ta ɗauki 'yarta ta kai ta bakin ƙofa ta dawo. Minti ashirin, 'yar nan. Na zauna a tsakar gida na yi kuka kamar ba namiji ba. Yanzu tana yawo da takardunta makaranta makaranta, kowa ya ce zangon ya riga ya fara.

Na ba ta wasiƙarki ta karanta da kanta. Ta ninke ta, ta miƙo min. Daga baya ta ce in bari, kina da yara, abin da ya wuce ya wuce. Ita haka take, uwarta ta biyo. Ni ba haka nake ba.

Na yi tunanin likitan sosai. Mugu ne, kuma ko gobe na gan shi a rami ba zan miƙa masa igiya ba. In lauyansa ya dawo da shi, zan ji ciwo har in mutu. Amma shi bai san Auta ba. Gado mai lamba tara ce a wurinsa. Ke kuwa lokacin da kuka zo hutu gidana da mahaifiyarki, kina 'yar shekara goma sha biyu, ke kika goya ta har ta yi miki fitsari a baya kina dariya. Shi ya kwantar da ita don ya tsira. Ke kin bar ta a kwance don ki ji daɗi, kuma da hannuna kika yi. Ni na tsaya a bakin ƙofarta na hana mijinta, ina cewa a jira mai ilmi.

Yau na ba direba takarda biyu. Ɗaya wannan ce. Ɗayar ta shugabanki ce, na zana masa dangantakarmu tun daga kakanni, na haɗa da wasiƙunki duka huɗu. Layi kaɗan ne, ban zarge ki da komai ba.

Na ce wa direban ya fara kai waccan, ya jira a sa hannu, sannan ya nemo ki. Ba sai kin ba shi amsa ba.

Mahaifin Auta